Gishirin Tukunyar Taro

A gidan biki, tun baƙi ba su iso ba, akwai hukuncin da mai girki take yankewa ita kaɗai a bakin murhu, wato yawan gishirin da za ta zuba a miya. Ba ta ga masu cin abincin ba tukuna. A cikinsu akwai tsoho mai hawan jini, akwai saurayin da ba ya jin daɗin miya sai ta yi masa zau a harshe, akwai kuma yaron da bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Yaji tana iya ajiye shi a gefen kwano, mai so ya barbaɗa, marar so ya ƙyale. Gishiri kuwa da zarar ya narke a tukunya ya zama na kowa, babu mai iya tsame shi. Hannun da ya ɗebo shi ya yanke hukunci ke nan a madadin ɗaruruwan mutanen da ba a shawarta ba. In an dace, babu mai tunawa da shi. In an kuskure, sai a ji ana tambayar wadda ta yi girkin.

Na kawo wannan misali ne domin shi ya fi kusa da wani aiki da ya faɗo a hannuna a hutun damina na shekarar 2025, lokacin da aka ɗora mini nauyin shirya manhajar da za ta tafiyar da kwamfutocin makarantar da nake koyarwa. Masu wannan sana'a suna kiran abin da na zauna zaɓa saitin asali, wato halin da mai amfani zai tarar da na'ura a ciki ranar da ya fara kunna ta, kafin ya taɓa komai. Aiki ne da ba a yi masa taro, ba a yanka masa kyalle. Amma na fito daga cikinsa da yaƙinin cewa amana ce, kuma nauyinta yana wuyan mai zaɓa gwargwadon raunin wanda ake zaɓa wa.

Bari in ɗan share fage ga mai karatun da ba wannan ne fanninsa ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja guda da take farkawa kafin sauran, ita ce ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da allon madannai da fuska da ma'ajiya. Ita nake kira uwar manhaja. Wadda aka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows, wadda ake sayar da ita a dafe, ba a nuna yadda aka haɗa ta. Akwai kuma dangin Linux, waɗanda ake kira buɗaɗɗun manhajoji, domin rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Sai dai na'ura ba ta jin wannan rubutu kai tsaye. Dole a bi da shi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta, ta juya shi zuwa harshen na'ura, kuma wannan juyi shi ake kira ginawa. A lokacin ginawa ne ake jiran amsoshi. Wace irin ƙwaƙwalwa za a gina wa? A fifita gudu ko a fifita rashin nauyi? Waɗanne harsuna da waɗanne haruffa za su zo a ciki tun farko? Wasu amsoshin yaji ne, mai amfani na iya sauya su daga baya in ya san hanya. Wasu gishiri ne. Su ma na yajin, a aikace gishiri suke komawa, domin yawancin mutane abin da suka tarar shi suke bi har na'urar ta mutu.

Linux da Jihar Jigawa kusan tagwaye ne. Ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta ƙashin bayan wata uwar manhaja don sha'awar kansa. Kwana biyu bayan haka, ranar 27 ga wata, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano, ta mai da Dutse babban birni. Daga aikin Torvalds ne aka samu gidaje daban-daban, kowanne yana cefane a kasuwa ɗaya amma yana girki da nasa hannu. Akwai Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993, wadda 'yan sa kai ke riƙe da ita har yau, akwai Fedora ta 2003, akwai Ubuntu da ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004. A waɗannan gidaje ba a ɗaukar saitin asali da wasa. Mutanen Fedora sun shafe watanni suna jayayya a kan wani zaɓi guda na ginawa, wanda ke sauƙaƙa wa masu binciken manhaja gano inda take ɓata lokaci, amma yana ɗan rage mata gudu a hannun kowa. Kwamitinsu na fasaha ya fara ƙi, daga baya ya amince a farkon 2023. In aka tone jayayyar, tambaya ɗaya za a tarar a ƙasanta: wa ake yi wa girkin?

Ita ma Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, aka kuma kafa kamfanin Galaxy domin samar da intanet a Dutse, tun jihohi da dama ba su fara wannan tunani ba. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wannan tarihi ya bar mana matasa masu hannu a kan na'ura, ya kuma bar mana tarin tsofaffin na'urori da ofisoshi suka sallama, waɗanda ƙarshensu makarantu. Tamu makarantar ta jeka-ka-dawo ce, tana tsakanin Dutse da Kiyawa, ba nisa da kasuwar Shuwarin. A ɗakin kwamfutarmu akwai na'urori 24, wasu kyautar tsofaffin ɗalibai, wasu 'yan gwanjo da ƙungiyar iyaye da malamai ta saya da karo-karo. Babu biyu a cikinsu da suka zo rana ɗaya. Goma sha biyar sun fi dama-dama, yawancinsu masu ƙwaƙwalwar Core 2 Duo. Tara kuwa tsofaffi ne tuburan, masu Pentium M da ƙananan nan masu Atom, waɗanda sun girmi yawancin yaran da ke zama a gabansu.

Abin da ya sa lamarin ya wuce sha'awar malami ɗaya shi ne jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yarinyar da ta haddace littafin kimiyya amma ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, tsoro zai cinye mata lokacin da ya kamata ta yi amfani da shi wajen tunani. Ajinmu na masu fita yana da ɗalibai 48. In na'urori 24 suna aiki, biyu-biyu za su zauna, kowa ya samu rabin darasi hannunsa a kan madannai. In tara suka faɗi, sai fiye da uku a kan kowace na'ura, kuma duk malami ya san wanda ake turewa gefe a irin wannan zama: mai kunya, da ƙarami, da mace. Ga shi kuma a lokacin an riga an sanar cewa za a daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali babu ko ɗaya daga cikin na'urorinmu da ta cika sharuɗɗan Windows 11. Saboda haka muka juya ga Debian, muka ƙudura gina namu kwafin da zai dace da ɗakinmu.

Abokin aikina a wannan hutu wani saurayi ne, ɗalibin jami'a da ya zo mana sanin makamar aiki, mai kaifin basira da saurin hannu. Shi ya fara kawo shawara. Ya ce, "Malam, Debian 13 ta fito ranar 9 ga watan nan. Mu ɗauke ta, mu gina sau ɗaya, mu huta. Waɗancan taran ai sun ci zamaninsu."

Abin da yake nufi yana buƙatar bayani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta iri biyu ce ta fuskar faɗin hanyar da bayanai ke bi a cikinta, akwai mai bit 32, akwai mai bit 64. Mai faɗin tana iya ɗaukar kayan da aka ɗaure don ƙaramar hanya, amma ƙaramar ba ta ɗaukar na babbar ko kusa. Manhajar da aka gina don bit 64, in aka sa ta a na'ura mai bit 32, ko tashi ba za ta yi ba. Tsofaffin taranmu duk masu bit 32 ne, kuma duniya ta daɗe tana janye hannu daga irinsu. Ubuntu ta daina fitar musu da faifan sakawa a 2017. Fedora ta daina gina musu ƙashin baya a 2019. Kamfanin Red Hat ya wuce nan, domin fitowarsa ta 9 a 2022 ta bar har masu Core 2 Duo a baya. Debian, wadda ta fi kowa haƙuri da tsofaffin na'urori, ita ma a fitowarta ta 13 ta daina ba masu bit 32 hanyar sakawa.

Adalci ya wajaba a nan, domin masu waɗannan hukunce-hukunce suna da hujja. Kowane nau'in ƙwaƙwalwa da aka ce za a tallafa wa yana nufin a gina dubban manhajoji sau ɗaya ƙari, a gwada su, a gyara su in sun karye, kuma yawancin masu wannan aiki a Debian ba a biyan su. Manhaja mai bit 32 ba ta iya riƙe fiye da gigabait 4 a lokaci guda, abin da ya yi wa manyan manhajojin zamani kaɗan. Akwai kuma matsalar agogo: yadda tsofaffin manhajojin nan ke ƙirga daƙiƙoƙi, lissafin zai cika ya juye ranar 19 ga Janairu, 2038. Saurayin ya jero mini duk waɗannan, ban kuwa musa masa ko ɗaya ba. Hujjarsa daidai take in ana maganar duniya. Ni kuwa ɗaki guda aka ba ni, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko, mu bi shawararsa, mu kai taran sito. Ta biyu, mu gina kwafi ɗaya mai bit 32 daga Debian 12 ta 2023, tunda zai tashi a kan kowace na'ura, sai dai hakan ɗaure ƙafar masu ƙarfi ne don raunana, ga shi kuma masu burauza suna ta janyewa, Chrome ma tun 2016 ta daina fitowa ga Linux mai bit 32. Ta uku, mu gina kwafi biyu daga takardar umarni guda, layi ɗaya kawai ya bambanta su, wato layin da ke faɗin nau'in ƙwaƙwalwa. Ita ce mafi wahala, domin duk gyaran da aka yi sai a gina sau biyu, a gwada sau biyu, kuma gini ɗaya kan ci mana dare guda in wuta ta yi haƙuri. Ita muka ɗauka. Muka ɗaura wa filash ɗin tsofaffi jan zare, na sauran baƙin zare, don kada malamin da ba fanninsa ba ne ya rikice. Muka kuma tabbatar fuskokin biyu iri ɗaya ne sak, hoto ɗaya, jeri ɗaya, launi ɗaya, domin kada wata yarinya ta zauna ta gane cewa tata na'urar ta marasa gata ce. Saboda ƙarancin ƙarfin tsofaffin, fuskar Xfce marar nauyi muka zaɓa wa kowa.

Da na gaya masa cewa za a ci gaba da kula da Debian 12 har tsakiyar 2028, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, shekara uku kawai ka saya." Na ce masa, "Ƙanena, shekara uku ai aji uku ne na masu fita."

Hukunci na biyu ya fi na farko tayar da ƙura, domin ya shafi harshe. Shugaban makaranta, dattijo mai tsantseni, ya kira ni ofis ya ce, "Malam, JAMB da Turanci take zuwa. Kada a ruɗa mini yara, a bar komai yadda za su tarar da shi a ɗakin jarrabawa." Malamar Hausa tana wurin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai Hausa ma darasi ce a JAMB ɗin. Shekara nawa ina karɓar aikin yara ina bin haruffa da biro ina lanƙwasa su?"

Kukan Malama tsoho ne, ya girme ta. Rubutun boko na Hausa yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sannan 'yan'uwanmu na Nijar suna ƙara ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ɗigo ya sa a ƙarƙashinsu, kuma a cikin shekarun nan na 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka koma ga lanƙwasa. Amma tafiretocin da aka shigo mana da su an ƙera su ne don Turanci, haka ma allon madannan kwamfuta da ya gaje su. Wani ya zaɓi wannan jeri a wata ƙasa, bai san da mu ba, mu kuma muka tarar muka bi. Sakamakon yana ko'ina. Ana rubuta baki a inda ake nufin baƙi, kasa a madadin ƙasa, bari a madadin ɓari. Garuruwan jiharmu ma ba su tsira ba, Haɗeja da Ɓaɓura sun saba fitowa a takarda babu lanƙwasa, haka sunaye irin su Ruƙayya da Ɗanladi. Har an kai matsayin da matashi ke ganin lanƙwasa ƙawa ce ta malaman Hausa, alhali ita ce bambancin baki da baƙi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haruffan nan sun daɗe a cikin Unicode, babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, kuma Linux tana zuwa da jerin madannan Hausa na Najeriya a cikinta. Yana nan a ajiye, a can ƙarƙashin jerin zaɓuɓɓuka, yana jiran wanda ya san da shi. Ɗan aji huɗu na sakandare da ke da minti 20 a gaban na'ura ba zai taɓa tono shi ba. Samuwar abu a cikin manhaja daban, tarar da shi a kunne daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan aikin mai zaɓen saitin asali.

Da na auna, sai na ga shugaba da Malama kowa ya riƙe gefen gaskiya, kuma ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Shi yana tsoron harshen umarni, ita tana neman harshen rubutu. Saboda haka muka bar sunayen umarni da Turanci, yadda za su gan su a ɗakin jarrabawa, musamman da yake fassarar Hausa ta waɗannan fuskoki ba ta cika ba, rabi Hausa rabi Turanci kuwa ya fi ruɗa yaro. Allon madannai ma muka bar kowane harafi a gurbinsa na Turanci, sai muka ɓoye masu lanƙwasa a ƙarƙashin 'yan'uwansu: a danne maɓallin Alt na dama a taɓa b a samu ɓ, a taɓa d a samu ɗ, a taɓa k a samu ƙ. Haka muka yi wa alamar naira. Muka zaɓi salon haruffa na DejaVu da Noto, waɗanda suke ɗauke da lanƙwasa, don kada su fito a matsayin ƙananan akwatuna. Muka sa takarda A4 maimakon ma'aunin Amurka, agogo a lokacin Najeriya, kwanan wata kuma rana kafin wata. Sai abu na ƙarshe, wanda Malama ce ta lura da shi. Manhajar rubutu tana zuwa da mai duba kuskuren Turanci a kunne, don haka duk kalmar Hausa da yaro ya rubuta sai ta ja mata jan layi a ƙasa, shafi guda ya koma ja wur. Yaron da ya saba ganin jan biron malami ya san ma'anar wannan launi. Muka kashe shi, muka bar wa malamin Turanci ya kunna a darasinsa.

Da aka koma makaranta a watan Satumba, Malama ta kawo 'yan aji biyar su rubuta wasiƙa. Wata yarinya da ke zaune gaban ɗaya daga cikin tsofaffin taran ta danna yadda aka nuna mata, ɗ ya fito a fuska. Ta tsaya tana kallonsa, ta goge, ta sake dannawa, sannan ta ɗago ta ce, "Malama, ashe kwamfuta ma ta san ɗa?"

Sauran hukunce-hukuncen wuta da intanet ne suka yanke mana su. Yawancin manhajojin zamani an gina su da zaton cewa lantarki ba ya yankewa, intanet kuma kamar iska take, ba a auna ta. A ɗakinmu wuta kan ɗauke ba sallama, batiran na'urorin sun daɗe da mutuwa, data kuwa daga aljihun malami take fita. Manhajar rubutu ta LibreOffice takan adana aiki da kanta duk minti 10, mu muka mayar da shi minti 2, domin minti 10 rabin rabon ɗalibi ne. Muka hana na'urorin neman sabuntawa da kansu. Wannan yana da haɗari, tunda sabuntawa ce ke toshe kafofin ɓarna, sai dai na'urorin ba sa kan intanet, ni kuma na ɗauki nauyin zuwa Dutse sau ɗaya a wata in sauko da gyare-gyaren a filash in bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka saka Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, muka zuba mata ta Hausa da ta sassauƙan Turanci, tare da tambayoyin gwaji da malamanmu suka rubuta.

A wannan fanni Debian ta riga ta sauƙaƙa mana wani abu, kuma labarinsa ya cancanci a faɗa. Wasu sassan kwamfuta, musamman na kama intanet ta iska, ba sa tashi sai da wasu ƙananan manhajoji da masu ƙera su ba su buɗe rubutunsu ba. Shekaru da dama Debian ta ƙi saka su a faifanta na hukuma, saboda aƙidarta ta cewa komai ya zama a buɗe. Mai buƙata sai ya sauko da su daga intanet, alhali ba zai iya hawa intanet ɗin ba sai da su. Ga mai na'ura biyu da waya a bango wannan ƙaramin abu ne, ga mai na'ura ɗaya kuwa ƙofa ce da mabuɗinta ke kulle a ciki. A 2022 'yan ƙungiyar suka jefa ƙuri'a, suka amince a saka su, har suka gyara yarjejeniyarsu ta asali don hakan, kuma Debian 12 ce ta fara fitowa a haka. Mutane ne masu riƙo da aƙida, amma da suka hango wanda ke tsaye a bakin ƙofa, sai suka sassauta.

Hangen nan shi ne asalin maganata, domin ba a hango wanda ba ya cikin lissafi. Debian tana da wata 'yar manhaja mai ƙirga abin da mutane ke amfani da shi, tana aika rahoto mako-mako ta intanet, kuma ba ta aiki sai mai na'ura ya yarda. Tsari ne mai mutunta sirrin jama'a. Sai dai na'urorinmu 24 ba su taɓa aika rahoto ba, ba kuma za su aika ba, haka takwarorinsu a Jahun da Miga da Birnin Kudu da Gwaram. Idan masu yanke hukunci suka duba ƙididdiga suka ga masu bit 32 sun ragu, gaskiya suka gani, amma gaskiyar masu intanet ce. Tsohuwar na'ura ta fi yawa a inda intanet ta fi ƙaranci, don haka wanda hukuncin zai fi taɓawa shi ne wanda ma'aunin ba ya gani. Babu mugunta a ciki, kuma babu wanda ya hana mu shiga. Ƙofar waɗannan gidaje a buɗe take ga duk mai son ya gwada, ya ba da rahoto, ya fassara, ko ya ce ga halin da ake ciki a garinsu. Mu ne muka saba karɓar abinci a dafe.

An taɓa gwada akasin haka a ƙasar nan. A tsakiyar shekarun 2000 an fito da Wazobia Linux, wadda aka yi niyyar ta yi magana da Hausa da Yarbanci da Ibo. Darasin da na ɗauka daga ita da irinta shi ne, fitowa sau ɗaya ba ta isa, domin uwar manhaja kamar gona take, kowace shekara sai an koma mata. Abin da zai ɗore shi ne matasanmu na Dutse da Kazaure da Kafin Hausa da Ɓaɓura su zauna a inda ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, su kammala fassarar da aka bari rabi, su gwada sababbin fitowa a kan na'urorin gwanjo, su faɗi abin da suka gani. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wannan zane an ba mu shi ne tare da allura da zare.

Ni ma a ƙaramin ɗakina na zama mai zaɓa wa waɗanda ba su nan: 'yan aji ɗaya da ba su shigo ba tukuna, da malamin da zai gaje ni ran da aka yi mini canjin wurin aiki. Don haka kafin saurayin nan ya koma jami'a, muka sayi littafin rubutu mai shafi 60, muka rubuta kowane zaɓi da Hausa a shafinsa: abin da muka tarar, abin da muka mayar da shi, dalilinmu, da yadda za a warware shi in dalilin ya gushe. Ya nace a rubuta hujjojinsa na barin taran, na kuwa rubuta su cikakku, domin ranar da za su rinjayi nawa tana zuwa. Littafin yana cikin kabad tare da filash biyu, mai jan zare da mai baƙi. A shafin farko mun rubuta shekarar 2028 da manyan lambobi, a ƙarƙashinta kuma adadin na'urorin da ya kamata a samo kafin ta iso: tara.